Ko Kun Sani? Fim ɗin da ya sauya salon finafinan ban tsoro

A watan Oktoban 1978 aka saki fim ɗin Halloween a Amurka. John Carpenter ne ya ba da umarni, shi da Debra Hill kuma suka rubuta labarin. Kuɗin da aka kashe bai wuce dala 325,000 ba, amma ya kawo kusan dala miliyan 47 a sinimomin Amurka kaɗai.

Ƙarancin kuɗin ya sa aka yi ta dabara. Abin rufe fuskar makashin, Michael Myers, a kanti aka sayo shi kan ƙasa da dala 2, aka faɗaɗa ramukan idanun, aka fesa masa farin fenti. Da yake a Kalifoniya aka ɗauki fim ɗin, lokacin da bishiyoyi ke kore shar, sai aka rina ganyaye don su yi kama da na lokacin kaka, aka watsa a titi, a kwashe a buhu bayan kowace fitowa. Kiɗan fiyano mai tsinka zuciya ma Carpenter ne ya tsara da kansa.

Abin burgewar shi ne jini kaɗan ake gani. A farkon fim ɗin kyamara ta zama idon makashi, mai kallo na bin ɗakuna tare da shi. Wannan salo, da budurwa ɗaya da ke tsira, su masu shirya fim ɗin Friday the 13th suka ɗauka a 1980. Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a matsayin budurwar a Halloween, 'yar Janet Leigh ce, tauraruwar fim ɗin Psycho na 1960.