Sandar Ƙofar Tasha Ta Fasa Gilashi: Wa Zai Biya?

Wanda duk ya bi hanyar Baturiya, a ƙasar Kiri Kasamma, ya san motocin da ke ɗauko kifi da shinkafa daga fadamar kogin Haɗejiya zuwa kasuwa. A ƙofar tasha ko kasuwa sau da yawa akan gitta sandar ƙarfe, da nauyi a gindinta da igiya a kanta, ba a ɗagawa sai an biya kuɗin shiga. To, a ce igiya ta tsinke, sanda ta faɗo ta fasa gilashin mota, wa zai biya? Masu tasha sukan nuna allon da aka rubuta cewa kowa ya ajiye motarsa ba ruwansu. Mu dai muna ganin allo kaɗai ba ya wanke mutum.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da warware irin wannan. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya bambance abu biyu. Wanda ya haƙa rijiya ko ya kafa wani abu a hanyar jama'a inda ba shi da izini, shi ke lamunin ɓarnar da ta auku. Wanda kuwa ya yi abin da aka halatta masa, babu lamuni a kansa.

Dokar Turawa ta ƙara da maganar sakaci: ko da izini aka kafa sanda, wajibi ne a kula da ita. Game da allo kuwa, a 1970 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yi shari'ar wani mutum, Thornton, da kamfanin Shoe Lane Parking. Ya karɓi tikiti daga na'ura a bakin ƙofa, sharuɗɗan kuwa suna can ciki a manne, sa'an nan ya ji rauni a wurin. Alƙalai, cikinsu har da Lord Denning, suka ce sharaɗin da bai isa ga mutum ba sai bayan an ƙulla ciniki ba ya ɗaure shi. Hukuncin Ingila bai zama tilas ga kotunan Nijeriya ba, amma sukan duba shi.

Watau in direba ya yi gaggawa ya banke sanda tana ƙasa, asararsa ce, har ma ya gyara sandar. In kuwa mai gadi ya saki igiya mota tana wucewa, ko an bar sanda cikin duhu ba fenti ba fitila, nauyi yana kan wanda ya ɗauke shi aiki, yake karɓar kuɗin ƙofa.

Tun 1976 ƙananan hukumomi suka gaji aikin En'e, tasha da kasuwa suna hannunsu. Saboda haka muna roƙon akawuna su riƙa ba da rasit, su duba igiya, su rubuta ɓarna a littafi ran da ta auku, da sunayen shaidu. Kuɗin igiya sabuwa bai kai na gilashi ba. Allah ya kiyashe mu.