Kututturen da bai mutu ba a bayan Jikwoyi

Duk wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa Karshi ya ratsa Jikwoyi zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Ɗauki guda ka juya a hannu. In ya yi nauyi, ya yi amo kamar ƙarfe, wataƙila kirya ce, wadda maƙera suka daɗe da sanin darajar garwashinta.

Kafin a ayyana Abuja a 1976, wannan yanki gonakin Gbagyi ne da dajin doka, maje, ƙawo, ɗorawa da kaɗanya, ga kurmi a bakin rafuka. Yau bulo da kwalta sun cinye yawancinsa.

Masana tsirrai in sun shiga daji ba manyan itatuwa kaɗai suke dubawa ba. Sukan shata fili, su auna kaurin kowane icce daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, sannan su durƙusa su ƙirga ƙanana. A nan gaskiyar take fitowa. Dajin da ya cika da tsofaffin kaɗanya amma babu 'ya'ya a ƙarƙashinsu ya kama hanyar mutuwa, ko da inuwarsa na nan, domin kaɗanya kan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Ganye da furen da masanan suka tsinko kuma sukan busar a takarda a adana, kamar yadda ake yi a cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan.

Cikin itatuwan daji, madobiya ta sha wuya ƙwarai. Saboda jan katakonta aka riƙa lodinta zuwa Sin, har a 2016 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu.

Abin da ke damuna shi ne bikin dashen itatuwa da muke yi kowace damina: dogon yaro, turare, malaina. Suna ba da inuwa, amma ba su ba da kalwar daddawa, ba su ba da man kaɗe, mai magani kuma ba ya samun saiwar da yake nema.

Manoman Maraɗi sun rungumi wata hanya tun shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani. Kututturen da ya toho ba a ƙone shi. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, tsohuwar saiwa ta yi aikinta. Irin waɗannan kututturai suna nan a gonakin da suka rage tsakanin Jikwoyi da Karshi, kuma ruwan farko na sauka suke fitar da sabon ganye.