Matan da Suka Bar Kyauta Bayan Ransu

Hirarmu ta yau tana da ɗan nauyi, don za ta taɓo ciwo, za ta kuma taɓo mutuwa. Amma ku daure ku biyo ni, akwai abin ɗauka a ciki.

Da wuya a samu wadda ba ta taɓa jin labarin sankarar mama ba, wato ciwon daji na nono. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kaɗai an gano ciwon a jikin mata wajen miliyan 2.3, ya kuma yi ajalin kusan 670,000. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ƙarin da ke cikin maman ba shi ne ya fi kisa ba, wannan likita na iya yanke shi ya cire. Inda gizo ke saƙar shi ne idan ciwon ya bi jini ya je ya yi zamansa a ƙashi, ko hanta, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa. In ya kai nan, magani na iya danne shi har mace ta jima da sauƙi, amma rabuwa da shi ɗungurungum abu ne mai wuyar gaske.

To me ya sa? Ai ciwon da ya bazu ba ya zama iri ɗaya. Kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya ne da aka aurar garuruwa daban-daban, bayan shekaru kowacce ta sake hali. Ƙarin da ke hanta na iya jin magani, na huhu ya ƙi ji. Likita kuwa, muddin mace na da rai, 'yar tsoka kaɗan yake iya tsakurowa da allura daga wuri ɗaya ko biyu. Ba zai huda mata ƙwaƙwalwa da ƙashi da huhu don bincike kawai ba.

Wannan ne ya sa wasu asibitocin jami'o'i a ƙasashen waje suka ɓullo da binciken gawa na gaggawa. Macen da ciwonta ya yi nisa, tana cikin hankalinta, ita ce za ta amince ta sa hannu cewa bayan ranta a ɗebi samfurin ciwon daga jikinta. In ta sake shawara, tana da ikon janyewa. Da zarar rai ya yi halinsa, ko da tsakar dare ne, sai a kira ma'aikata su hallara. Gaggawar kuwa tana da dalili. Kun san yadda ɗanyen nama ke saurin juyawa in an bar shi a ajiye? To haka ƙwayoyin jiki ke fara lalacewa bayan mutuwa, don haka cikin 'yan sa'o'i ake son a gama. Wani samfurin a daskarar da shi a firiza mai tsananin sanyi, wani a jiƙa shi a ruwan magani, wani kuma a raine shi da ransa a ɗakin gwaji don a jarraba magunguna a kansa. Daga nan a ɗinke jiki, a miƙa gawa ga danginta.

Bari in ba ku misali ɗaya. A birnin Boston na Amurka, an ba wata baiwar Allah wani sabon magani da ake gwaji, wanda yanzu ake kira alpelisib. Da farko ciwon ya ja da baya, daga bisani ya dawo ta huhu har ta rasu. Likitoci suka ɗebi samfuri daga wurare 14 a jikinta. Sai suka tarar cewa ƙararrakin da suka bijire wa maganin duk sun rasa wani sinadarin gado mai suna PTEN, wanda aikinsa taka wa ƙwayoyin jiki burki, amma kowanne ta hanyarsa daban ya rasa shi. An wallafa wannan a mujallar Nature a 2015, kuma daga jikin mace ɗaya likitoci suka gane wata ƙofa da ciwon ke bi ya kuɓuce wa magani. A yau jami'ar Pittsburgh a Amurka tana da irin wannan shiri, haka jami'ar Leuven a Beljiyam ta fara nata a 2020.

Na san wata za ta ce, kai, taɓa gawa? Gaskiya ne, a wurinmu gaggauta suturar mamaci ake yi, kuma abin na da nauyi a zuciya. Ban kawo zancen don in ce wata ta yi ba. Na kawo shi ne don mu san irin tsadar ilimin da ke cikin maganin da ake ba mu, mu kuma gane cewa ciwon nan ya fi sauƙin kamawa tun yana wuri ɗaya.

Saboda haka, 'yar uwa, in kin ji wani kulluttu a mamanki ko a hammata, ko kika ga fatar wurin ta sauya, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fid da jini, kada kunya ta sa ki rufe. Ba kowane kulluttu ne sankara ba, amma likita ne zai bambance. Ki gaya wa maigida ranar da kika gani, ku je asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.