Baƙin Tsuntsaye a Fadamun Bakin Teku na Ingila Lokacin Bazara

Manomin ƙasar Hausa ba ya jiran kalanda ta gaya masa damina ta ƙarato. Da zarar ya ga shamuwa ta sauka bisa tsamiyar bakin gari tana jidar kirare, ya san lokacin sharar gona ya yi. Ba wanda ya taɓa raɗa wa wannan lura suna, amma kallon tsuntsaye ne. Turawan Ingila su ma suna da irinta, sai dai su sun mai da ita sha'awa mai ƙa'idoji da littattafai da kwamitoci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda suke farautar baƙin tsuntsaye da ido a fadamun bakin tekunsu, da dalilin da ya sa baƙin ke sauka can, da kuma inda al'amarin ya shafe mu.

Tilas in fara da neman ahuwa game da kalmar bazara. Bazararmu zafi ce da ƙafewar rijiyoyi, tasu kuwa lokaci ne da sanyi ke janyewa, itatuwa suna toho. Abin da ya haɗa su watanni ne kawai, watau daga Maris zuwa Mayu. Na riƙe kalmar domin ban sami wadda ta fi ta ba, kuma kamar yadda za a gani, wannan haɗuwar watanni ita ce ƙashin bayan maganar.

Fadamar Cley

A gabashin Ingila, a arewacin lardin Norfolk, akwai wani ƙauye mai suna Cley, wanda mazaunansa ke furtawa Kilai. Tsakanin ƙauyen da teku akwai shimfiɗaɗɗiyar fadama, wadda wani dogon tudun tsakuwa ya kange daga ruwan gishiri. Cikinta akwai kududdufai marasa zurfi, da taɓo, da makiyaya, da dogayen ciyayin ruwa masu kama da kyauro waɗanda ake yanka don baibayar ɗaki. A ƙarni na 19 wurin ya yi suna wajen maharba. A wancan zamani, in mutum ya ga tsuntsun da bai sani ba, bindiga yake sa masa, a feɗe shi, a cushe fatar, a ajiye cikin akwatin gilashi, don gawar ita ce shaida. A shekarar 1926 wani likita, Sydney Long, da abokansa suka sayi kimanin eka 400 na fadamar suka keɓe ta ga tsuntsaye. Daga wannan saye ne ƙungiyar kare namun daji ta Norfolk ta samo asali, kuma ita ce ta farko a irinta cikin lardunan ƙasar.

Yau mai kallo yakan sammako da tabarau mai hangen nesa da ɗan littafin rubutu, ya bi gadar katako cikin ciyayi, ya shiga wata bukka mai siririyar taga wadda aka gina don kada tsuntsaye su gan shi. A nan zai zauna sa'o'i, ba hira sai raɗa. Abin da zai fara gani shi ne afoset, wani tsuntsun taɓo fari da baƙi mai dogayen ƙafafu, bakinsa siriri ya lanƙwasa sama. Wannan tsuntsu ya daina ƙwai a Ingila tun wajen tsakiyar ƙarni na 19, saboda ƙafar da fadamu da satar ƙwai. Abin mamaki, yaƙi ne ya komo da shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an malala ruwa a wasu filayen gaɓar lardin Suffolk don hana sojan Jamus sauka, sai ga shi a 1947 afoset ya yi sheƙa a Minsmere. Hotonsa ne tambarin RSPB, babbar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya.

Akwai kuma wani dangin zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa, wanda ba safai ake ganinsa ba, sai dai a ji kukan namijin, kamar an busa bakin gora, tun daga nisan kilomita 3. Da kukan ake ƙidaya su. A 1997 maza 11 kaɗai aka ji a duk ƙasar. Bayan an gyara ciyayin ruwa a wurare da dama, adadin ya haura 200 a 2021.

Me ke kawo baƙo?

Waɗannan 'yan gida ne. Abin da ke hana masu kallo barci a watan Mayu shi ne baƙo, tsuntsun da ba hanyarsa ba ce. Hanyoyin zuwansa biyu ne manya. Ta farko ita ce zarcewa. Tsuntsun da ya tashi daga Afirka da niyyar sauka Sifen ko kudancin Faransa, in ya dace da iska mai ɗumi daga kudu da sararin sama tangaran, yakan ci gaba da tafiya har ya wuce masaukinsa da ɗaruruwan kilomitoci. Ta biyu ita ce kaucewa: iskar gabas, musamman in ta zo da hazo ko yayyafi, takan ture tsuntsayen da suka nufi arewacin Turai, ta tsallakar da su Tekun Arewa. Gaɓar Norfolk ta turo kai cikin wannan teku, saboda haka ita ce ƙasar farko da gajiyayyen tsuntsu zai hango, ga ruwa ga ƙwari. Wannan ya sa gwanayen kallo suke duban hasashen yanayi kamar yadda ɗan kasuwa ke sauraron farashi.

Wani lokaci kuma baƙon yakan fi ƙarfin bayani. Ran 30 ga Mayu 1993 aka ga wani dangin tsattsewa yana shawagi bisa kududdufan Cley, irin wanda ke ƙwai a gabashin Asiya, ya yi ƙaura har Ostareliya. Sa'o'i kaɗan ya yi ya ɓace. Waɗanda suka iso da wuri suka gani, sauran suka koma da labari.

A nan ne Bahaushe zai yi murmushi. Balbela, wadda muke gani tana bin shanu ba mu ko ɗaga kai, ta daɗe tana cikin jerin baƙin da Bature zai bar aikinsa ya tuƙa mota rabin yini don ya gani. Sai a 2008 ta fara yin sheƙa a Ingila, a lardin Somerset, kuma tun daga nan ta yi ta yaɗuwa har ta daina tara mutane. Haka nan wata 'yar'uwar shirwarmu, wadda ke cin rani a Afirka ta Yamma, har yanzu ganinta a Norfolk labari ne. Ke nan baƙunta ba ta cikin jikin tsuntsu, tana ga wurin da aka gan shi.

Shaida da cunkoso

Tun da aka ajiye bindiga, sai tambaya ta taso: yaya za a gaskata wanda ya ce ya gani? A 1959 aka kafa kwamitin tantance baƙin tsuntsaye na Birtaniya. Mai iƙirari zai rubuta ranar da wurin da yanayin haske da nisan da ke tsakaninsa da tsuntsun, ya siffanta baki da ƙafa da launin fiffike da kuka, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ba wani mai kama da shi ba ne. Alƙalan kwamitin su duba ɗaya bayan ɗaya, su jefa ƙuri'a. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Iƙirari da yawa an mayar wa masu su. Ga ɗalibin da aka koya wa yadda ake tattara tatsuniya ko karin magana, a rubuta sunan gari da rana da bakin wanda aka ji, wannan tsari ba zai zama sabo ba.

Yaɗuwar labari ita ma tana da tarihi. A shekarun 1970 da 1980 wani ɗan gidan shayi a Cley, gidan Nancy, shi ne cibiya: ana buga tarho daga ko'ina a ƙasar, duk wanda ya fi kusa da wayar ya ajiye kofinsa ya karanto abin da aka rubuta a littafin gidan. Daga baya aka koma layin tarho na musamman, yau kuwa saƙo ne a wayar hannu cikin 'yan mintoci. Saurin ya zo da illa. Tsuntsun da ya tsallako teku yana bukatar ya ci ya huta, sai ya sami ɗaruruwan mutane sun kewaye shi, wasu suna tattake ciyayi don ɗaukar hoto. Shi ya sa in baƙo ya nuna alamar zai yi sheƙa, masu kula da fadama sukan ɓoye labarin, ko su sa masu gadi dare da rana, domin ɓarayin ƙwai ba su ƙare ba ko da yake doka ta hana tun 1954. A ganina, wanda bukatarsa kawai ita ce ƙara suna ɗaya a jerinsa bai yi nisa da maharbin dā ba sosai.

Abin da ya faru a 1969

Abin da ya fi burge ni cikin wannan sha'awa ba baƙin ba ne, littafin da ake rubuta tsuntsayen yau da kullum ne. Tun 1962 masu sa kai suke ƙidaya waɗanda ke sheƙa a gonaki da kurmi kowace bazara. A 1969 sai aka tarar wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cike da shingayen gonaki, kusan kashi uku cikin huɗu nasa bai komo ba. Aka duba maganin ƙwari, aka duba cuta, ba a sami dalili a gida ba. Sai a 1974 masana suka nuna cewa asarar ta auku ne a inda tsuntsun ke cin rani, watau yankin Sahel, inda ruwan sama ya gaza a 1968. Farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda ta karkashe shanu a Nijar da arewacin Nijeriya, an ga alamarsa a shingayen Ingila tun kafin duniya ta farga. Tsattsewar da ke haƙa rami a gaɓar rairayi ita ma ta ragu ƙwarai a lokacin, ta sake faɗuwa a 1984.

Dalilin a fili yake. Tsuntsun ciyayin ruwa wanda nauyinsa bai wuce giram 12 ba, kafin ya tsallake Sahara sai ya tara kitse, wani har ya kusa ninka nauyinsa. A 1967 wasu masana sun auna tsuntsaye a Malamfatori, bakin Tafkin Chadi, suka ga yadda suke ƙiba cikin makonnin Maris da Afrilu kafin su tashi. Wannan kuwa ita ce bazararmu, lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. In daminar bara ta yi kyau, fadamu suna da sauran laima da ƙwari, tsuntsu ya sami guzuri. In ba ta yi ba, ya tashi da rama, ya faɗi cikin rairayi.

Gaskiya ne zoben da ake sa wa ƙafafun tsuntsaye ya nuna yawancin na Ingila sun fi sauka yamma da mu, a kwarin kogin Senegal da fadamun kogin Kwara a Mali. Waɗanda ke cin rani a Haɗeja da Nguru galibi tsakiya da gabashin Turai suke nufa, wasu har Saberiya. Amma abin da ke raya su ɗaya ne, ambaliyar damina. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ruwan da ke malala a fadamar Haɗeja da Nguru, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, abin da masunta da manoman shinkafa suka fi kowane tsuntsu ji a jika. A ɗaya ƙarshen hanyar kuwa teku ce ke barazana. Daren 5 ga Disamba 2013 igiyar ruwa ta haure tudun tsakuwar Cley, ta cika kududdufan da ruwan gishiri, ta yi gaba da ɗaya daga cikin bukkokin kallo. An gyara hanyoyi, ruwan daɗi ya wanke gishirin sannu a hankali, afoset kuma ya komo ya yi ƙwai.