Shin Baraguzan Rusau Za Su Iya Zama Kankare Ba Tare da Siminti Ba?

Duk inda aka rushe gini, za ka ga tifa na kwashe baraguzai zuwa kududdufi ko bayan gari. Masu bincike kuwa kallon kayan aiki suke yi musu, kuma dalilin shi ne siminti. Kafin a samu siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, dutsen kansa yana sakin iskar kabon, makamashin ma haka. Wannan masana'anta kaɗai ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya.

A shekarun 1970 wani masani ɗan Faransa, Joseph Davidovits, ya raɗa wa wata hanya daban suna jiyofolima. Ana samo gari mai sinadaran silika da alumina, kamar tokar kwal, a kwaɓa shi da ruwan soda (irin ta masu haɗa sabulu) da sodiyam silikat. Sodar ta narkar da sinadaran, su sake haɗuwa su daskare kamar dutse. Ba labarin ɗakin gwaji ba ne kawai: filin jirgin Wellcamp na Ostireliya, da aka buɗe a 2014, da irin wannan kankare aka shimfiɗa wasu sassansa.

To ina baraguzai suka shigo? Jan bulo da tayil yumɓu ne da aka riga aka gasa, suna cike da silika da alumina. In aka niƙa su lukui, za su iya tsayawa a matsayin garin. Fasassun kankare kuma su maye gurbin tsakuwa. Sai dai tsohon simintin da ya manne musu yana shan ruwa sosai, wanda ke rage ƙarfin ginin in ba a auna ba. Garin jan bulo shi ma yana da nawar kamawa, sau da yawa sai an ɗumama shi zuwa digiri 60 ko 80.

A nan ne fa mu a arewa za mu yi hattara da ɗoki. Yawancin ginin Kano ko Kaduna bulon siminti da yashi ne, ba jan bulo ba, don haka baraguzanmu sun fi dacewa da aikin tsakuwa. Ga sodar tana da tsada, tana kuma ƙona fata. Birkilan da ya saba kwaɓi da hannu tsirara, dole ya koma safar hannu da tabarau.