Babu Ɗakin da Ake Kashe Nauyi a Cikinsa

Duk bayan 'yan watanni sai bidiyon nan ya sake kunno kai a wayoyin jama'a. Ga 'yan sama jannati cikin wani makeken tafki, ko suna shawagi a cikin jirgin sama, an rubuta a ƙasa wai asirin Turawa ya tonu, zuwa sararin samaniya ƙarya ce. Wasu ma har ƙarawa suke wai hukumar NASA na da wani ɗaki da ake danna maɓalli nauyin mutum ya gushe. Abin takaicin shi ne har a harabar jami'a ta Kongo a nan Zariya, inda ake koya wa ɗaliban shari'a auna hujja kafin yanke hukunci, ana samun masu tura shi gaba babu ko tambaya.

Babu wannan ɗaki, kuma babu wanda ya iya kashe maganaɗisun ƙasa, ko a can saman ma yana nan. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana kimanin kilomita 400 ne a samanmu, kuma a wannan tsayin ƙasa na jawo ta da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da take jawo mu da shi. To me ya sa mutanen ciki ke lilo? Faɗowa suke yi, su da tashar gaba ɗaya, sai dai gudunta na kusan kilomita 28,000 a awa ya sa take kewaya duniya maimakon ta rikito. Wanda ke shakka ya sami gorar ruwa ta roba, ya cire murfin, ya huda ta kusa da gindi. Ruwa zai riƙa tsartuwa. Ya sake ta daga saman bene: muddin tana faɗowa tsartuwar za ta tsaya, domin ruwan da gorar tare suke gangarowa, babu mai danne wani.

Duk dabarar gusar da jin nauyi da ake yi a doron ƙasa daga nan aka samo ta. Jirgin da ke cikin bidiyon yakan cilla sama ne, matuƙa su rage ƙarfin injin, ya yi baka ya sunkuyo, na ciki su sami kamar daƙiƙa 22 ba sa jin nauyinsu, sannan nauyin ya dawo kusan ninki biyu. Irin jirgin ne wata ɗaliba 'yar Nijeriya, Stella Felix, ta hau a Amurka a 2006, kuma a irinsa aka ɗauki wasu sassan fim ɗin Apollo 13 na 1995. A Bremen ta Jamus akwai hasumiya mai tsawon mita 146 da ake zuƙe iskar cikinta a saki kayan gwaji, faɗuwar ba ta cika daƙiƙa 5 ba. Mai musu zai ce, ai ga shi kun amsa ana iya shirya abin a ƙasa. Ana iyawa, amma na daƙiƙa nawa? Daga tashar ana hira kai tsaye da 'yan makaranta ta tsawon mintoci, mutum na lilo ba yankewa, kuma babu jirgin da zai ba da wannan. Tafkin NASA na Houston kuwa, mai zurfin mita 12, na atisaye ne. Wanda ke cikinsa yana jin nauyinsa cikin rigar sama jannatin, kumfa na tashi, ga masu nutso kewaye da shi. Ta yaya za a zauna a ƙarƙashin ruwa da singileti ana magana, ana dunƙula ruwan sha yana yawo a gaban fuska, kamar yadda ake gani daga tashar?

Kwaikwayon abu don a koye shi ba ya nufin babu abin. Nan Zariya, Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da aka kafa a 1964 tana sa ɗalibai cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, ba wanda ya ce don haka jirgi ba ya tashi. Injiniyoyi ma tun kafin kwamfutar zamani sukan haɗa koyil da kwandansa da abin rage ƙarfin wuta su tsaya a madadin nauyin mota da sifirin da shokozoba, tunda lissafinsu ɗaya ne, su gano yadda motar za ta girgiza tun ba a ƙera ta ba.

Saboda haka in bidiyon ya zo maka, dakata. Duba tsawon lilon kafin a yanke hoton, duba ko akwai kumfa, duba ko bangon an shimfiɗa masa katifa irin ta jirgin atisaye. Nemi asalin inda aka ɗauka, don hukumomin sararin samaniya da kansu suke wallafa hotunan atisayen, ba wani asiri da aka bankaɗo. In abin ya shige maka duhu, harabar jami'a ta Samaru ba nisa, akwai malaman kimiyyar lissafi da injiniyanci. Malaman sakandare su ma su gwada wa yara gorar nan a aji, ba ta cin ko kwabo. Kai kuma da aka turo wa, in ba ka tantance ba, don Allah kada ka tura wa kowa.