Raba da'ira a kan injin tur: dalilin da ya sa taku 200 ba ya isa

Duk mai aikin tur, a Maradi yake ko a Damagaram ko a kasuwar Katako ta Yamai, ya san ranar da ake kawo masa giyar injin niƙa da haƙoranta suka cinye, ko faifan ƙarfe da ake son a huda masa ramuka shida daidai wa daida. Feƙe ƙarfe ya zama da'ira ba ya ba tur wahala, don aikinsa ke nan. Wahalar tana wajen raba da'irar kashi-kashi, ta yadda tazarar kowane haƙori za ta yi daidai da ta ɗan'uwansa. Kuskuren rabin digiri ya isa ya sa giya ta riƙa kuka tana cin abokiyar zamanta, a yi asarar ƙarfe da aikin yini guda.

Na'urar da aka ƙera don wannan aiki, wadda ake kira diviseur da Faransanci, tana da tsada kuma ba kowane shago ke da ita ba. Shi ya sa wasu ke ɗaura wa sandar tur, wato broche, wani ƙaramin moter mai tafiya taku-taku, irin wanda ake samu a cikin tsofaffin injinan fotokofi. Tambayar da ke biyo baya ita ce: sau nawa moter zai juya kafin sandar ta yi zagaye guda?

Yawancin waɗannan motoci suna yin taku 200 a zagaye ɗaya, kowane taku digiri 1.8. Adadin yana da yawa a ido, amma 200 ba ya rabuwa da 3. Ke nan idan aka haɗa moter da sanda kai tsaye, ba za a iya fitar da kan noti mai gefe shida ba, aikin da ya fi kowane yawa a shago. Haka ma 9 da 12 da 24. Ƙara ragi na 2 ko 4 ko 5 ba ya gyara komai, tun da 400 da 800 da 1000 duk ba su da 3 a cikinsu. Dole sai ragin da kansa ya zo da 3.

Ragi na 3 yana ba da taku 600, wanda ke rabuwa da 6 da 12 da 24. Wanda ya fi shi daɗin aiki shi ne 3.6, kuma samunsa ba wuya: fuli mai haƙora 20 a kan moter, mai haƙora 72 a kan sanda, bel mai haƙora ya haɗa su. Taku 720 ke nan a zagaye, kowanne rabin digiri cif. Mai tur na iya yin lissafin a ka ba tare da kwamfuta ba, digiri 60 taku 120 ne, digiri 45 taku 90. Adadin yana rabuwa da 8, 9, 10, 12, 15, 16, 18, 20, 24, 30, 36, 40, 48 da 60, wato akasarin giyoyin da ake buƙata yau da kullum.

Girman haƙorin bel ma sai an duba shi. Fulin sanda yana zama ne a bayan tur, kuma bai kamata ya toshe ramin da dogon ƙarfe ke wucewa ta ciki ba. Fuli mai haƙora 72 na bel ɗin GT2, mai tazarar milimita 2, faɗinsa bai kai milimita 46 ba, ya yi ƙanƙanta ga sandar tur matsakaici. Na HTD 5M kuwa ya kusa milimita 115, akwai wurin da za a feƙe masa rami ya shiga sanda. A ƙaramin fulin, a tabbata aƙalla haƙora shida suna cikin bel a kowane lokaci, in ba haka ba zai yi tsalle.

Akwai masu cewa duk wannan lissafi ɓata lokaci ne, tun da katin lantarkin da ke tuƙa moter na iya raba kowane taku gida 8 ko 16. Gaskiya ne yana rabawa, kuma tafiyar tana yin laushi. Sai dai raba taku gida 8 ko 16 ba ya kawo 3 ɗin da ake nema, sannan ƙarfin da ke tura sanda daga ƙaramin taku zuwa na gaba ba shi da yawa: kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin riƙon moter idan an raba gida 8, ƙasa da kashi 10 idan gida 16 ne. Da nauyin mandaran da gogayyar boris, sau da yawa katin yana aika ƙananan taku biyu ko uku sandar ba ta motsa ba, sai daga baya ta zabura. Ga kuma kuskuren moter kansa, wanda masu ƙera shi suka saba ƙayyadewa a kashi 5 cikin 100 na taku, wato digiri 0.09. Katin lantarki ba ya rage wannan kuskure. Fuli ne ke rage shi, ragin 3.6 yana mayar da shi digiri 0.025 a kan sanda.

Sauran adadin da ba sa rabuwa, irin su 7 da 11 da 13, nan ne ake yawan ɓata ƙarfe. Misali mafi kyau shi ne giya mai haƙora 127, wadda ake sa wa tsohon tur mai ma'aunin inci don ya yanka zaren milimita, saboda inci ɗaya milimita 25.4 ne, sau biyar ɗinsa 127. Da taku 720 da aka raba gida 8 ana da ƙananan taku 5760. Idan aka raba su da 127 ana samun 45 da ɗan ɗoriya. Wanda ya yar da ɗoriyar ya riƙa tura 45 a kowane haƙori, zai ƙare zagaye da 5715, ya rage 45, kusan tazarar haƙori guda cur, kuma ba zai gani ba sai a yanka na ƙarshe. Maganin yana cikin tsarin lissafi: a riƙa auna wurin kowane haƙori daga mafari, ba daga haƙorin da ya gabata ba. Wani lokaci a tura 45, wani lokaci 46, kuskuren lissafin ba zai wuce rabin ƙaramin taku ba, kimanin milimita 0.035 a bakin giya mai faɗin milimita 127.

Batun ƙarfi kuma, kada ragi ya ruɗi kowa. Moter na girman NEMA 23 mai riƙon newton-mita 2 zai ba da kimanin 7 a kan sanda. A bakin ƙarfe mai faɗin milimita 100, wannan bai wuce nauyin kilo 15 ba. Ya isa ga zana layi ko huda ƙaramin rami, amma bakin yanka mai fitar da haƙori zai iya ture shi. Aikin moter shi ne kai sanda wurin da ake so. Riƙe ta aikin birki ne, ko da maƙalar ƙarfe ce mai noti guda da ake ɗaurewa kafin kowane yanka.

Mai son ya tsallake wannan matsala yana iya komawa ga sukurun da ke tura giya, vis sans fin, mai ragin 40 irin na diviseur na gargajiya. Taku 8000 ke nan, kuma galibi yana kulle kansa. Amma yana da wasa tsakanin haƙora, dole a riƙa juyawa ta hannu ɗaya kullum, kuma 8000 ma ba ya rabuwa da 3, sai an jingina da lissafin da aka bayyana a sama. Ragin 90, irin na teburin juyi, ya fi dacewa: taku 18000, hamsin a kowane digiri. Motocin da ake sayarwa da akwatin giya a jikinsu kuwa, masu rubutun 5.18, sai a yi hattara. Ainihin ragin 57 ne bisa 11, zagaye ba ya cika da adadin taku mai kyau, kuma wasan masu araha na iya kaiwa digiri guda.

Kowane aka zaɓa, dole ya zama mai saurin cirewa. Idan aka manta bel a jiki aka kunna tur a gudun zagaye 1500 a minti, moter zai yi 5400, ya koma janareto, ya tura wutar da za ta iya ƙona katin. Da vis sans fin abin ya fi muni, haƙora ne za su karye. Ƙaramin makunni da ke hana tur tashi muddin bel na ɗaure ya fi sabon kati araha.

Sai ɗaukewar wuta, wadda ba baƙuwa ba ce a lokacin zafi. Da zarar wuta ta tafi, moter yana sakin sanda, katin kuma ya manta inda aka tsaya. Kafin a fara yanka, a ja layi siriri a kan babban fuli da jikin tur a matsayin mafari, a kuma riƙa rubuta lambar haƙorin da aka gama da alli a gefen injin.